Zaɓen batir mara nauyi ga motar tsere a zafin Maraɗi

Duk wanda ya fara shirya mota domin tsere, ko da a rufaffen fili ne na jar ƙasa irin wanda mu ƴan tsiraru masu sha'awar abin muke samu a bayan gari, yakan gane da wuri cewa nauyi yana cin gudu, yana cin birki, yana kuma cin taya. Shi ya sa ake fara cire kujerun baya, da darduma, da rediyo, da tayar safaya, har a zo kan batir, wanda yake zaune a kusurwar ɗakin inji da nauyinsa na kilo 13 zuwa 18 a yawancin ƙananan motoci. A nan ne mutane da yawa suke yin gaggawa, domin idan aka nuna wa mutum batirin litiyom da zai iya ɗagawa da yatsu biyu, sai hankalinsa ya tafi ga kilo kawai, ya manta da cewa wannan ƙaramin abu zai zauna ne a motar da ke aiki cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40 a inuwa.

Ribar da ake samu ta gaskiya ce, amma ya kamata a san iyakarta. Idan aka sauke batir mai kilo 15 aka ɗora mai kilo 3, an rage kilo 12, wato kwatankwacin nauyin lita 16 na fetur, tunda lita ɗaya takan kai kashi uku cikin huɗu na kilo. A mota mai nauyin tan ɗaya, wannan ya ɗan haura kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai. A ƙaramar mota kamar Toyota Starlet ko Peugeot 205, waɗanda ba su kai tan ɗaya ba, bambancin ya fi fitowa, musamman da yake nauyin yana sama ne, yana gaba, yana kuma gefe ɗaya, wurin da ya fi ko'ina ɓata zaman mota a kwana. Direba mai kunne a jikin motarsa zai ji gaban ya yi sauƙin juyawa. Wanda tayoyinsa suka suɗe ko birkinsa yake ɗaukar zafi kuwa ba zai ji komai ba, kuma a ganina kuɗinsa ya fi amfani a can tukuna.

Iri uku ne ake zaɓa a cikinsu. Akwai batirin dalma mai ruwa da kowa ya sani, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, mai gida shida, kowane gida volt 2.1, jimilla 12.6 idan ya cika. Akwai ɗan'uwansa busasshe da ake kira AGM, wanda shi ma dalma ce, sai dai an tsotse ruwan a cikin tabarmar zaren gilashi, don haka ba ya zuba, ya kuma fi jure girgiza. Sanannen misali a wajen masu tsere shi ne Odyssey PC680, mai nauyin kilo 7 da ajiyar ampa-awa 16. Na uku shi ne litiyom na ƙarfe da fosfat, wanda ake rubutawa LiFePO4, wanda ya samo asali daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas ta Amurka a shekarun 1990. Shi gida huɗu gare shi, kowane volt 3.2, jimilla 12.8, kuma na tada mota yakan tsaya tsakanin kilo 1 da 4.

Lambar da masu sayarwa suka fi nunawa a jikin batir ita ce CCA, kuma yana da kyau mutumin Maraɗi ya san abin da take aunawa. Tana nufin yawan wutar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ba tare da ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da volt 7.2 ba. Ma'auni ne da aka yi domin Turai da arewacin Amurka, inda man inji yake daskarewa da asuba. Mu nan, ko a tsakiyar hunturu, ba mu kusanci wannan yanayi ba, saboda haka batir mai matsakaiciyar lamba yana isar injin lita 1.3 ko 1.6 da yake cikin ƙoshin lafiya. Gwajinmu na gaske yana zuwa ne lokacin da motar ta mutu a tsakiyar fili bayan ta yi zagaye da yawa, injin ya ɗau zafi, demare, wato na'urar da ke tada inji, shi ma ya ɗau zafi, fankar lagireto tana ta juyawa tana shan wuta, kuma ana buƙatar a buga sau uku ko huɗu kafin ta kama. A wannan lokaci abin da ke ceton direba shi ne yawan ajiyar batirin, wato ampa-awa, kuma a nan ne ƙananan batura suke da rauni.

Sai a lura da wata dabara ta kasuwa. Wasu masu ƙera litiyom suna rubuta lambar da suke cewa daidai take da ta dalma, misali a rubuta 24, alhali ainihin ajiyar da ke ciki ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Hanyar ganewa ita ce a nemi lambar wat-awa a raba ta da 12.8, abin da ya fito shi ne gaskiyar ajiyar. Lissafin yana da muhimmanci ga motar da take kwana da kwanaki a ajiye, kamar yadda motar tsere take yi. Idan kwamfutar inji da sauran ƙananan na'urori suna tsotsar miliampa 30 ko da mota tana kashe, a kwana ɗaya an sha ampa-awa 0.72, kuma batir mai ajiyar 8 zai ƙare ƙarƙaf cikin kwana 11. Batirin dalma yakan yi gargaɗi, a ji demare ya yi nauyi, fitilu su dushe. Litiyom kuwa yana riƙe ƙarfinsa kusa da volt 13 har sai ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi farat ɗaya, kuma idan ya faɗi ƙasa ƙwarai ba tare da kariya ba, gidajensa suna lalacewa har abada.

Zafi shi ne babban abokin gabarmu, kuma bai bar kowane iri ba. Masu ƙera batirin dalma suna auna tsawon ransa ne a digiri 25, kuma ƙa'idar da suka saba bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba ran biyu. Wannan ne ya sa batirin da zai yi shekaru a ƙasar sanyi yake gajiya da wuri a hannunmu. Yawancin baturan LiFePO4 kuma an iyakance musu aiki a wajen digiri 60, alhali ɗakin injin motar da ake matsa wa yana wuce haka cikin sauƙi, balle idan an tsaya iska ta daina shiga. Saboda haka ni ban ga hikimar sayen litiyom mai tsada a ajiye shi kusa da bututun hayaƙi ba. Wanda ya zaɓe shi, ya zaɓi ɗauke shi daga ɗakin inji ke nan, ya mayar da shi ƙasan inda kujerar fasinja take ko bayanta.

Mayar da batir baya yana da nasa farashin da ba a cika lissafawa ba. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 35 tana da nauyin fiye da giram 300 a kowace mita tun kafin a haɗa da robarta, don haka mita huɗu zuwa but za su mayar da kusan kilo ɗaya da rabi na abin da aka rage. Wannan tsawon kuma yana cinye kusan volt 0.4 lokacin da demare yake jan ampa 200. Gwargwadon kusancin batir da inji, gwargwadon sauƙin lamarin, kuma dole a sa babban fis kusa da kan batirin, domin doguwar waya da ta goge a jikin ƙarfe gobara ce.

Akwai abin da na gani da idona a garejin wani dattijo mai gyaran wutar mota, wanda ya sa nake jan kunnen matasa. Wani saurayi ya shigo da ɗan kunshi da aka naɗe da baƙin salatif, ƙananan batura na tsofaffin kwamfutoci ne aka jera aka like da dalma, wayoyi biyu suna leƙowa ta gefe, ya ce yana so a ɗaura masa a motarsa saboda bai kai kilo biyu ba. Dattijon ya ɗora mita a kai, ya juya kunshin a hannunsa, ya ce, “Ɗana, jeri nawa ka yi?” Ya ce, “Uku ne, Baba.” Dattijon ya ajiye shi a kan siminti nesa da jarkar mai, ya ce, “Wannan ba zai shiga mota ta hannuna ba.” Hujjarsa tana cikin lissafi. Irin waɗannan ƙwayoyi iyakar cajinsu volt 4.2 ne kowace, jeri uku ke nan 12.6, alhali dinamon mota yana turo 14 ko fiye, wato kowace ƙwaya za ta sha abin da ya wuce iyakarta. Sinadarinsu kuma ba irin na LiFePO4 ba ne, idan suka kama wuta suna ciyar da kansu, ruwa kaɗan ba ya kashe su. Haka nan batirin sola, ko da LiFePO4 ne, an yi shi ne domin ya ba da wuta sannu a hankali tsawon dare, kuma na'urar kariyarsa takan yanke idan demare ya ja wuta mai yawa lokaci guda.

Wannan ya kawo ni ga dinamo, wanda a ganina shi ne yake yanke hukuncin irin batirin da mota za ta iya ɗauka. Kafin a sayi komai, a ɗora mita a kan batir injin yana aiki, a duba a silo, a duba an taka wuta zuwa juyi 3000, a sake dubawa da fitilu da fanka a kunne. Lafiyayyen dinamo yana tsayawa tsakanin volt 13.8 da 14.4. Iyakar LiFePO4 mai gida huɗu ita ce 14.6, kuma da yawa daga tsofaffin motocinmu suna yawo da dinamon da aka sake naɗawa ko aka sa masa ragileta na wata mota, wanda yakan yi tsalle ya wuce wannan iyaka. Batirin dalma yana haɗiye irin wannan tsalle, sai dai ruwansa ya ragu. Litiyom mai na'urar kariya ta BMS kuwa yanke kansa yake yi, kuma idan ya yanke alhali injin yana kan gudu, wutar dinamo ta rasa inda za ta zuba, sai ta yi sama ta ƙone kwamfutar inji ko shi kansa dinamon. Har ila yau litiyom da ya yi ƙasa yana zuƙar caji da ƙarfi fiye da dalma, abin da ke sa ƙaramin dinamo ya yi zafi. Cajar bango ma ba kowace ba ce ta dace da shi, musamman irin wadda take harba wuta mai ƙarfi domin farfaɗo da tsohon batirin dalma.

Game da ɗauri, dokokin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, sun ba da ma'auni mai kyau ko ga wanda ba ya gasa a ƙarƙashinsu. Sun tanadi cewa batirin da aka canja wa wuri ya zauna a kan mazaunin ƙarfe, a danne shi da maɗaurai biyu na ƙarfe masu rufi, da ƙusoshi masu noti da kaurinsu bai gaza milimita 10 ba, kuma a ƙarƙashin kowace ƙusa a sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 da faɗin santimita murabba'i 20. Idan mai ruwa ne kuma yana cikin ɗakin direba, sai an rufe shi da akwatin da ba ya yoyo. Dalilin a fili yake, domin a karon da ya ninka nauyi sau ashirin, batir mai kilo 15 yana fizgar maɗaurinsa da ƙarfin kilo 300. Sun kuma wajabta makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya ya kashe inji, wanda ake iya kaiwa gare shi daga ciki da daga waje, da alamar jar walƙiya a cikin shuɗin alwatika. A nemi irin mai ƙafa shida, wanda yake kashe inji ya kuma ba wutar dinamo hanyar zuba, domin mai ƙafa biyu yana cire batir ne kawai ya bar injin yana ci gaba da wutar dinamo.

Ni dai a tawa motar ƙaramin AGM na zaɓa, kuma shi nake ba mafi yawan abokaina shawara. Yana rage kusan rabin nauyin, yana jure gargada, yana haƙuri da dinamon da ba cikakke ba, kuma idan ya mutu ranar wasa, kowane batirin dalma na kasuwar Maraɗi ko na Katsina zai iya tsaya masa na wucin gadi ba tare da an taɓa waya ba. Litiyom na gaske sai an yi odarsa daga nesa, kuma kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka shi a jakar da ake aunawa. Wanda ya riga ya gama da taya da birki, ya auna dinamonsa ya ga yana tsaye, ya kuma tanadi wuri mai sanyi da caja ta musamman, shi ne ya cancanci neman sauran kilo huɗun ko biyar ɗin, kuma ya nemi wanda aka rubuta ainihin ajiyarsa a jikinsa, mai BMS da aka ƙera domin mota. Idan kuwa AGM za a saya, a je shago da mita a aljihu, a auna kafin a biya, domin wanda ya nuna ƙasa da volt 12.4 ya daɗe a kan kanta cikin zafi, kuma ya riga ya yi asarar wani ɓangare na ransa tun kafin ya ga mota.