Yanzu talabijin ce ke saka lokacin wasa

Wai ka lura kuwa, a Firimiyar Ingila ba kungiya ko magoya baya ke zaben ranar wasa ba, masu talabijin ne. Sky da TNT Sports sun zuba sama da fam biliyan 6 a kwantiragin shekara hudu da ya fara a 2025, to wanda ya biya wannan kudin ai shi ke da ta cewa. Tun shekarun 1960 akwai dokar hana nuna wasan karfe 3 na ranar Asabar kai tsaye a Ingila, shi ya sa duk wasan da ake ganin zai ja 'yan kallo sai a dauke shi a kai Lahadi ko daren Litinin.

Wanda ke shan wahalar shi ne mai zuwa filin. Ka dauki dan Newcastle da ya sayi tikitin jirgin kasa zuwa Landan, ya nemi hutu wajen aiki, kwatsam sai a ce an maida wasan karfe 8 na daren Litinin, a tashi wajen goma, jirgin komawa gida ya wuce, sai dai ya biya otal ko ya kwana a tasha. Haba!

Jamusawa dai ba su yarda ba. A 2018 magoya bayan Frankfurt suka dinga jefa kwallayen tanis cikin fili saboda wasan Litinin, aka yi ta bore har gasar Jamus ta Bundesliga ta soke shi daga kakar 2021. Ni kam wannan ya burge ni wallahi.