Da tsatsarta ta zo

Yau da hantsi a gareji nan Gombe, mai walda ya ɗaga kafet ɗin tsohuwar Golf GTI ɗina, ya danna sukundireba daidai inda direba ke ajiye ƙafa, sai ga ta ta ɓulla ta ƙasa. Ƙarfen ya riƙa marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Wallahi gabana ya faɗi. Ya ce, "Alhaji, wannan ba cutar nan ba ce, da ita ta zo." Gaskiyarsa. 'Yar Kwatano ce, kuma a Turai gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara. Shi ke maƙalewa a ƙarƙashin mota ya yi ta cin ta a ɓoye, fenti kuwa yana ta sheƙi. Ruwan daminarmu ƙarasa aikin kawai ya yi.

Wani ya ce a shafe wajen a fesa fenti, na ƙi. A yanke ruɓaɓɓen, a yi waldar sabon ƙarfe, ko da za ta yi wata a gareji. Injin nan mai bawul 16, in na taka shi a hanyar Bauchi har yanzu tsigar jikina tashi take. Aljihu zai ji jiki, amma ba zan sayar da ita ba.