Rigimar yaro da yamma

Yau na ga wata uwa, ɗanta mai shekara biyu yana birgima a ƙasa yana ihu. Ba ta daka masa tsawa ba. Ta ja dogon numfashi, ta durƙusa daidai tsayinsa, ta ce, "Ka gaji, ko?" Sai ta yi shiru. Daidai ta yi, domin yaron da ke tsakiyar rigima ba ya jin dogon bayani. Galibi yunwa ce ko barci. Ɗan shekara 1 zuwa 2 na buƙatar barcin awa 11 zuwa 14, har da na rana. In ya rasa na ranan, da yamma ake biyan bashin.

In jariri ne, kuka ya ƙi ƙarewa har ranki ya soma ɓaci, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ki fita minti 10 ki huce. Kada a girgiza shi, wuyansa bai yi ƙwari ba, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Abin da ke damuna, iyaye mata da yawa ba su da mai karɓar musu yaro ko na rabin awa.