Wasiƙa daga Liyon: ƙarshen shekara a lekol ɗin 'yan mishan

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango da 'yan fadarmu ta Sabon Gari. Ina gaida kowa da kowa, doguwar gaisuwa na barta sai mun haɗu a WhatsApp.

Tambaya guda ce ta ƙi ƙarewa shi ya sa na zauna rubutun nan. Tun da aka ji ina aikin sirbeyan, wato mai sa ido kan ɗalibai, a wata makarantar sakandare ta Katolika a nan Faransa, duk wanda ya kira ni sai ya ce wai da gaske wajen 'yan mishan kake aiki, suna barinka ka yi salla kuwa, to in Nowel, wato Kirsimeti, ta zo me kake yi? Kawu kaɗai ya tambaye ni sau uku. Wasu kuma maganar takardu da biza suke so su ji, da yadda ake samun aiki. Zan taɓa abin da ya samu in Allah ya yarda.

Amma ku bari in fara da sanyi don shi ne a jikina yanzu haka. Na taso ina ganin hunturunmu, wanda ake hura wuta da kara a ƙofar gida da asuba, leɓe na tsagewa, tsofaffi na shafa man kaɗe a kaushi, sai na ɗauka na san sanyi. Namu busasshe ne kuma yana da kunya, da hantsi ya ɗaga sai ya ja da baya ka cire rigar sanyinka ka rataya. Na nan jiƙaƙƙe ne, daga kogunan garin biyu, Ron da Son, yake tasowa da wani hazo mai ruwa ruwa ya shiga cikin ƙashi ya zauna, kuma ba ya tafiya da rana don ranar ma babu ita. A Disamba sai takwas ta gota gari ke wayewa, biyar na yamma an yi magariba. Ni kuma aikina na farko kullum shi ne tsayuwa a bakin ƙofar lekol tun bakwai da rabi cikin duhu, ina duba karnen yara, wato ɗan littafin shaidarsu na makaranta, ɗaya bayan ɗaya, minti arba'in a tsaye wuri guda, safar hannu biyu na sa amma in na zo buɗe kwaɗo yatsuna ba sa jin makullin. Yaran nan kuwa wasunsu da 'yar riga shara shara suke zuwa suna dariya, numfashinsu na fita kamar hayaƙi. Shekarar farko ina kwana da hula da safa saboda tsoron kuɗin kuran, don injin ɗumama ɗaki yana shan wuta ba kaɗan ba, har wata tsohuwa mai aikin kantin ta ce min in daina haka, in ɗumama ɗaki guda in rufe ƙofa, ta kuma ce in je likita ya rubuta min bitamin D don fatarmu na buƙatar rana. Na je, ya rubuta. Wanda duk Allah ya nufa da zuwa, kada ya cika jaka da shadda, ya tanadi kuɗin takalmi mai kauri tukuna, sanyi ta ƙafa yake kama mutum.

Gajartar ranar ta sa azahar da la'asar da magariba suna bin juna cikin awa huɗu da 'yan mintoci, dukansu ina wurin aiki. To Kawu ga amsarka: ina yi. Tun makon farko na je na faɗa wa madam direktiris, ta ba ni makullin wani ɗan ɗaki da ake ajiye ƙwallaye da ragar wasa, dardumata na can a naɗe bayan kwali. Ran juma'a muna musayar awa da wani abokin aiki, ni kuma ina riƙe masa safiyar laraba. Ba wanda ya taɓa ce min in shiga coci. Akwai ma doka a kan haka, ta 1959, wadda suke kira dokar Debre: makarantar da ta sa hannu a kwangila da gwamnati, gwamnati ce ke biyan malamanta, karatun da ake yi iri ɗaya ne da na lekol ɗin gwamnati, kuma dole ta karɓi kowane yaro ko wane addini yake bi, darasin addini kuma sai wanda ya so. Yara kusan miliyan 2 ke makarantun Katolika a ƙasar nan, kuma a tamu 'ya'yan musulmi suna da yawa, 'yan Aljeriya, Maroko, Senegal, Komoro.

Abin da ya fi tsaya min a rai a ƙarshen shekarar nan shi ne zaman da suke kira konsey na aji. Farkon Disamba ake yi, in zangon farko ya ƙare. Da yamma bayan an tashi, malaman aji guda duka su zauna a zagaye da teburi, da shugabar makaranta, da iyaye biyu wakilai, da yara biyu da 'yan ajin suka zaɓa da ƙuri'a, bana kuma aka ce in zauna a na 'yan katriyem, wato aji uku na kolej, tunda ni ke riƙe da rajistan makara da fashinsu. Aji ne mai yara 29. Wallahi sai da aka kira sunan kowane ɗaya, aka haska bultan ɗinsa, wato takardar sakamakonsa, a bango, aka tsaya a kansa. Wani yaro mwayen ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, ta faɗo daga 13 zuwa 8, mushen lissafi, wato malamin, ya fara faɗa, sai 'yar wakiliyar aji, yarinya 'yar shekara 13, ta ɗaga hannu ta ce mamarsa na asibiti tun Oktoba, shi ke kai ƙannensa lekol da safe. Ɗakin ya yi tsit. Aka juyo gare ni aka ce sau nawa ya makara, na ce 11, duka na awar farko. Nan take aka fasa rubuta masa gargaɗi, aka rubuta masa kalmar ƙarfafa gwiwa, aka ce in riƙa barinsa ya shiga ba sai ya biya ta ofis ba. Awa ɗaya da rabi muka yi a kan aji guda.

Ina tafiya gida a metro ina tuna sizyem ɗinmu, ajin farko na kolej a Damagaram, mun haura 90 a aji, mu huɗu a tebur, wasu a ƙasa. Ran da za a ba da sakamako mushe ya tsaya ya karanto daga na ɗaya har na ƙarshe, a tafa wa na farko, a yi wa na ƙarshe ihu har gida. Ban ga laifin malamanmu ba, mutum guda da kaye, wato littafin rubutu, 90 a ka ga albashi na jinkiri, abin da suka yi mana Allah ne kaɗai zai biya su. Amma na tuna wani ɗan ajinmu da kullum barci yake a awar farko ana zane shi, sai bayan shekaru na gane tun ƙarfe uku na dare yake layin pampo da jarkoki, kun san dai Damagaram da ruwa. Mu duk 'yan unguwa mun sani, ba wanda ya tambaye mu. A sankiyem ya bari. Abokaina da ke riƙe da alli yanzu a kolej kolej na gari, tambayar shugaban aji me ke damun wane kafin a rubuta jan biro ba ta cin ko dala.

Sai maganar Nowel ɗin. Tun lahadi huɗu kafin ranar suke fara shiri, akwai wani zagayayyen ganye da kyandir huɗu a bakin ofis, kowane mako a ƙara kunna ɗaya, an kuma jera 'yan mutum mutumi na labarin haihuwar Annabi Isa a wani lungu. Yara na kawo taliya da shinkafa da gwangwanaye ana tarawa a kwali don marasa hali, ni na ƙirga namu na ɗaɗɗaure. Ran 8 ga Disamba kuma al'adar Liyon ce tun 1852, kowane gida a jera ƙananan kyandir cikin kofin gilashi a taga don girmama Maryam. Wani yaro ya ce min mushe kai ba ruwanka da Maryam ko, na ce masa a Alƙur'aninmu sura ta 19 sunanta ta ɗauka, kuma Annabi Isa alaihissalam annabinmu ne, mun bambanta da ku a kan ko shi wane ne kuma bambancin babba ne, ba na ɓoye shi. Ya buɗe baki, bai taɓa ji ba. Ran alhamis ɗin ƙarshe suna da addu'arsu, wanda ya so ya tafi, ni ina tsaron waɗanda suka rage a ɗakin nazari, mun kai mu sittin.

Akwai wata wuta da suke kira hasken zaman lafiya na Baitalami. A can ake kunno ta, a kai ta Ostiriya inda abin ya samo asali a 1986, daga nan 'yan sikawut su yi ta kunna wa juna daga fitila zuwa fitila har ta iso garuruwa. Yara uku suka shigo da tamu cikin fitilar ƙwai irin wadda Inna ke kunnawa in an ɗauke kuran, suna kakkare ta da hannu kada iska ta kashe. Aka ajiye ta a baranda, aka rataya igiya, aka ce kowa ya rubuta ƙasar da yake roƙa wa zaman lafiya ya maƙala. Mai kula da harkar addini ta tuna musu cewa Paparoma Leo na 14, ran da aka zaɓe shi a watan Mayun 2025, kalmar farko da ya fara yi wa jama'a ita ce aminci ya tabbata gare ku duka, ni dai da na ji sai na ce ai sallama ce. Da suka shiga aji na bi takardun ina karantawa: Gaza ta fi yawa, sai Ukren, Sudan, Labanan, Kwango. Na duba har ƙarshen igiya babu Nijar. A Maris ɗin 2025, cikin azumi, aka kashe mutum 44 a masallacin Fambita ta wajen Kokoru ana sallar juma'a, kuma a nan ba wanda ya ji. Da rekreyasiyo wata 'yar sizyem ta same ni ta ce mushe ƙasarku Najeriya ce ko, na ce Nijar, na nuna mata a taswirar da ke bayan kayenta, ta je ta rubuta ta maƙala. Na koma ɗakin ƙwallaye na daɗe ban fito ba.

Don ni ban iya kallon wutar nan ban tuna wata wutar ba, kuma kun san wadda nake nufi. Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan an sauko daga masallaci. Zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta yi wa Manzon Allah ya ƙona ran kowa, har ni, har yau kuma in na tuna raina na ɓaci. Amma jaridar tana Paris, kuma da na zo nan na tarar su kansu 'yan coci ba ta bar su ba, ta sha yi musu irin wannan cin mutuncin. Mu kuwa mishan ɗin garinmu aka cinna wa wuta, da makarantarta, da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar inda da yawanmu muka fara aron littafi. Mutum 5 suka rasu a Damagaram, washegari 5 a Yamai. Ina kan soron gidanmu ina kallon hayaƙi. Maƙwabtanmu 'yan Togo, waɗanda kowace Nowel sai kwanon shinkafa da kaza ya shigo gidanmu, kowace layya kuma Inna ta aika musu da cinyar rago, a barikin soja suka kwana, daga can suka wuce ƙasarsu. Ɗansu tare muka yi lekol tun daga aji ɗaya. Ban jefa dutse ba, amma ban sauko na raka su ba, tsoro ya hana ni. Inna ce ta yafa mayafi ta shiga gidan ta jawo keken ɗinkin matar, ta rufe shi da zane a ɗakinta wata bakwai, ba ta bari ko yaro ya taɓa fedarsa ba, har wani direba ya zo ya ɗauka. Shekara goma ke nan da 'yan kai, ban sake jin muryar abokin nan nawa ba, ina ta nemansa a Facebook. Yanzu ga ni kullum cikin mutanensu, makullin ɗakin sallata a aljihuna.

Abin da nake roƙo a ƙarshen shekarar nan ke nan, Allah ya kwantar da wutar Tillaberi da Diffa da kan iyakokinmu, manomi ya kwana a gonarsa, lekol ɗin da aka rufe a ƙauyuka a buɗe, kiristocin da suka rage a garinmu su je addu'arsu daren 24 su dawo gida lafiya ba mai waiwaye.

Maganar takardu kuwa, layi ne da jira da randebu a intanet da ba ya samuwa, ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma an rufe shi a farkon 2024, don haka kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai fitar muku da biza. Sauran sai wata wasiƙar. Hutu mako biyu aka ba mu, ba zan samu zuwa ba bana ma.

Ƙanena, na turo jika goma ta hannun Yaya. Ka sayi kaji biyu ka kai wa Inna, na riga na yi magana da ita, ran 25 ga wata ka ɗauki kwanon da kanka ka kai gidan bakaniken nan ɗan Benin na bayan kasuwar Dole, ka ce daga gidanmu ne ana musu barka. Ka tambaye shi ko yana da lambar wani a cikin 'yan Togo na da. In an fara kokowa kuma ka riƙa turo min bidiyon 'yan Damagaram, nan ba a nunawa.