Kafin Ku Yi Wa Bututun Iskar Tsohon Gida Feshi

Tsohon gida mai babbar na'urar sanyaya ɗakuna, irin wadda ke tura iska ta bututu zuwa kowane ɗaki, yana da wani wari da duk mai wannan sana'a ya sani. Ana kunna injin sai warin danshi da tsohuwar ƙura ya bugi hanci, bayan 'yan mintoci ya lafa. Mai gida zai ce bututun ya cika da ƙwayoyin cuta, a zo a kashe su. Ƙannena da kuka shigo wannan aiki kwanan nan, da ku da kuka tare a tsohon gida kuna son gyara shi da hannunku, za ku ji wannan magana, kuma hannunku zai riga idonku isa wurin, ya ɗauko gwangwanin feshi. Ni ma da haka na fara, na kuma daɗe ina yi ina ganin gwaninta ce.

Abin da nake yi a lokacin bai da wuya. In kwance ragar bakin bututu, in share iya inda hannuna ya kai, in fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙamshi, in kunna fanka ta kai shi ciki. Gida ya ɗauki ƙamshi, mai gida ya yi godiya. Bayan 'yan makonni a sake kirana, warin ya dawo. Sai in ce maganin bai da ƙarfi, in ƙara yawansa. Ranar da na buɗe jikin injin kansa a wani gida da aka yi ta kirana, na haska tocila, sai ga farantin da ke tare ruwan da ke ɗiga daga bututan tagulla masu sanyaya iska ya cika taf, ruwan ya yi yauƙi ya yi duhu. Siririn bututun da ya kamata ya fitar da ruwan waje ya toshe. Ruwa ya malala ya jiƙa abin da aka shimfiɗa a cikin bututun iska, na danna shi da yatsa ya lotsa, baƙar fumfuna ta manne mini. Duk iskar gidan ta kan wannan kududdufi take bi kafin ta isa ɗakuna. Ashe tun farko na bar jaki ina dukan taiki.

Ku riƙe yadda abin yake. Na'urar sanyaya ɗaki tana tatse ruwa daga iska, shi ya sa take ɗiga. Fumfuna kuwa ba ta buƙatar komai sai danshi da abin ci, ƙura kuma abincinta ce. Abu ya jiƙe ya kwana ɗaya ko biyu bai bushe ba, ta fara kamawa. Busasshiyar ƙura da ke kwance a bututun ƙarfe yawancinta a manne take, ba ta tashi. Saboda haka in kun ji wari, ruwa za ku nema: farantin da ya toshe ko ya karkace, rufin da ke yoyo a kan bututu, bututun ƙarfe mai sanyi da ya ratsa cikin silin mai zafi ba a lulluɓe shi ba yana ta zufa. In ba a tsayar da ruwan ba, ko me aka fesa, fumfunar tana nan tafe.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da jagora kan wannan batu tun 1997, kuma abin da ta faɗa bai yi wa da yawa daga cikin masu sana'armu daɗi ba. Ta ce ba a taɓa tabbatar da cewa wanke bututun iska yana hana rashin lafiya ba, don haka ba ta ba da shawarar a mayar da shi aikin kowace shekara ba. Hali uku ta ware da ya kamata a yi shi: in an ga fumfuna mai yawa ƙuru-ƙuru a cikin bututun ko a jikin injin, in ɓeraye ko ƙwari sun yi gida a ciki, ko in ƙura da tarkace sun yi yawan da har suna fitowa ta bakin bututu. Da na karanta wannan da wuri, da rabin gidajen da na shiga na gaya musu gaskiya cewa matatar iska kawai suke buƙatar canzawa.

Inda na fi yin ɓarna shi ne a bututan da aka shimfiɗa wa audugar gilashi daga ciki, don rage ƙara da riƙe sanyi. Tsofaffin gidaje da yawa suna da su. Ƙarfe mai santsi ana iya goge shi ya fita tas. Audugar gilashi kuwa tana shan ruwa, fumfuna ta shige can cikin zarenta inda buroshi ba ya kaiwa. Feshi a kanta ƙarin jiƙa ne. Jagorar nan ta EPA ta ce babu wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka yi wa rajista don amfani a irin wannan bututu, kuma in audugar ta jiƙe ko ta yi fumfuna, cire ta za a yi a sa sabuwa. Na san mai gida ba ya son jin haka, don ya fi tsada kuma sai an ɓalle wani wuri. Ku faɗa masa duk da haka. Ko an kashe fumfuna ma, gawarta tana tayar wa mai asma da mai atishawa ciwo, don haka aikin shi ne a fitar da ita daga gidan.

Sannan akwai tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba a shekarun farko: abin da na fesa, ina yake zuwa? Bututun iska ba shi da wata mafita sai hancin mutanen gidan. Maganin da ke da lafiya a kan tayil ko teburi ba lallai ya zama lafiya a huhu ba. A Koriya ta Kudu an shafe shekaru ana sayar da wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwan na'urar ƙara wa ɗaki danshi. A 2011 hukumomi suka gano cewa shi ne ke lalata huhun mutane, musamman mata masu ciki da ƙananan yara, kuma ɗaruruwa sun mutu. Sinadarin, wanda ake kira PHMG, an san shi a wasu ayyukan tsafta, shaƙarsa ce ta zama ajali. Ba bututun iska ba ne, amma hanyar ɗaya ce, an sa magani a na'urar da aikinta shi ne watsa abu cikin iskar ɗaki. In har dole sai an sa magani, to a kan ƙarfe tsirara ne, bayan an share shi, da maganin da takardar jikinsa ta ce an yi shi don cikin bututun iska, mutanen gida suna waje, kuma da sanin mai gida.

Bilic kada ya shiga bututu. Yana cin ƙarfe, kuma in ya haɗu da sabulun wanki mai sinadarin amoniya ko mai tsami yana fitar da iska mai guba. Haka injinan da ke fitar da iskar ozon, waɗanda ake tallatawa da cewa suna tsarkake iska. Ozon ɗin da zai iya kashe fumfuna ya wuce abin da huhun mutum zai ɗauka, wanda huhu zai ɗauka kuma ba ya yi wa fumfuna komai.

Yanzu ga abin da har yau nake tunawa gabana ya faɗi. A wani tsohon gida na tarar da mahaɗar bututan an naɗe su da wani farin abu mai kama da takarda mai kauri, ya tsufa yana ɓarɓashi. Na sa wuƙa na kankare shi, na share garin da tsintsiya, ba takunkumi a fuskata, don in naɗa sabon tef. Daga baya wani dattijo a sana'ar ya ji labarin, ya dube ni ya ce, “Kai yaro, ka san abin da ka taɓa kuwa?” Irin wannan naɗi a gidajen da aka gina kafin shekarun 1980 sau da yawa yana ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai siraran zare da ake sawa a kayan gini a da. Ido ba ya tantance shi, sai an kai samfuri ɗakin gwaji. Muddin yana zaune ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Da an kankare shi, zarensa da ido ba ya gani ya tashi, fanka ta raba shi ɗaki-ɗaki, kuma ciwon dajin da yake haddasawa yakan ɗauki shekara 20 zuwa sama kafin ya bayyana. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, amma haramci bai cire shi daga gidajen da aka riga aka gina ba. Haka tsohon fenti a kan ragar bakin bututu da bangon da ke kewaye da ita, yana iya ɗauke da gubar dalma. Amurka sai a 1978 ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje. Kada ku goge shi da samfefa a gidan da yara suke. Abin da ba ku sani ba a tsohon gida, ku bar shi yadda kuka same shi har a gwada.

In an tabbatar bututun yana buƙatar shara, akwai yadda ake yi. Ana haɗa babban injin zuƙe ƙura a jikin bututun, a toshe sauran bakunan, yadda iska za ta riƙa shiga ciki maimakon fita. Sannan a bi layi ɗaya bayan ɗaya da buroshi ko iska mai ƙarfi ana kaɗe ƙurar tana tafiya wajen injin. In injin a cikin gida zai fitar da iskarsa, dole ya kasance da matata ta HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da girmanta ya kai maikron 0.3 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Na taɓa yin wannan aiki da ƙaramin injin shara na gida, na kaɗe ƙurar da ta yi shekaru a kwance, rabinta ya bi ta bayan injin ya sauka a kan gadaje da labule. Gara a bar bututu da ƙurarsa da a yi masa irin wannan shara. Buroshi mai tauri kuma na ƙarfe tsirara ne, yana yaga audugar gilashi da bututu mai lanƙwasa na leda. Kuma shara ba ta cika ba sai an wanke fankar injin, bututan tagullar da farantin ruwa, don a nan dattin da ke damun mutane yake taruwa.

Wani abu da na yi shekaru ina wucewa ta gabansa shi ne ɓula. Mahaɗar tsofaffin bututu suna saki. Shirin Energy Star na Amurka ya ƙiyasta cewa a gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da ke bin bututu tana zurarewa ta irin waɗannan wurare. Asarar wutar lantarki ita kowa ke gani, amma ɓular da ke layin da ke zuƙo iska zuwa injin ta fi muni. Tana janyo ƙurar cikin silin, kashin ɓera da danshin ƙarƙashin gida, in akwai gareji a kusa har da hayaƙin mota, ta tura su ɗakin kwana. Ka share bututun yau, ya sake cika. A gidan da ke da murhun ɗumama ɗaki ko tukunyar ruwan zafi mai aiki da gas, irin wannan ɓula tana iya janyo hayaƙin ya dawo cikin gida, kuma iskar kabon monoksaid mai guba da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi. Irin wannan gida yana buƙatar na'urar ƙararrawa mai gano ta.

Wajen toshe ɓular, ku guji tef ɗin nan mai launin toka mai zare a ciki, duk da cewa da sunan bututun iska ake sayar da shi. Masu bincike a cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka sun gwada shi a 1998 tare da sauran abubuwan liƙi, shi ne ya riƙa saki da ya sha zafi. Mastik ake shafawa, wani abu mai kauri da ke bushewa ya riƙe, ko tef na alminiyam mai hatimin inganci na UL 181.

Matata kuwa ita ce mafi arha a duk abin da na lissafa, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Ana auna ƙarfinta da ma'aunin MERV, daga 1 zuwa 16. Mai lamba 13 tana kama ƙananan ƙura sosai, amma a nan ma na yi zalama. Na sa mai ƙarfi a tsohon injin da fankarsa ba ta da ƙarfin ja, iska ta ragu, bututan tagullar suka yi ƙanƙara, ƙanƙarar ta narke ta jiƙa wurin da na gama busarwa. Ku duba abin da injin zai iya ɗauka. Ku tabbatar matatar ta zauna daram ba rata a gefe, don iska ta fi son hanya mai sauƙi. A duba ta kowane wata, a canza in ta yi datti. In ana gyaran gini ko fenti a gidan, a kashe injin a rufe bakunan bututu har a gama a share.

Ku sayi ƙaramar na'urar auna danshin iska ku riƙa yawo da ita. Danshin ɗaki ya tsaya ƙasa da kashi 60 cikin 100, in ya samu tsakanin 30 da 50 ya fi. In kun shiga gida aka ce muku a yi feshi, ku fara ajiye na'urar a kan teburi, ku kashe injin, ku buɗe jikinsa, ku zuba ruwa kofi ɗaya a farantin ku ga ko zai fita. Ku zura waya mai kyamara ta bakin bututu ku ɗauki hoto, ku nuna wa mai gida abin da ke ciki da idonsa, sannan ku yi maganar aikin da za a yi.