Murabba'in da ban gani ba

Jiya na raka 'yata asibitin ido, sai ga shi ni aka samu da matsala.

Likita ta zaunar da ita gaban kwamfuta, ta sa mata tabarau mai gilashi ɗaya ja, ɗaya kore. Allon cike yake da ɗige-ɗige barkatai, kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta goce. Yarinya ta miƙa hannu: "Baba, ga murabba'i nan ya taso, kamar in cafke shi!" Na karɓi tabaran da wasa. Wallahi ɗigo kawai nake gani.

Ashe kowane ido hotonsa daban, an ɗan gusar da wasu ɗige-ɗigen zuwa gefe a hoto ɗaya, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa biyun ta fitar da zurfi. Kwamfutar tana ta rage tazarar har ta kai inda mutum ya kasa. Wai dabarar ta girme ni, wani masanin kimiyya mai suna Bela Julesz ya fito da ita a Amurka wajen 1960.

Likita ta tambaye ni: "Malam, ka yi harara-garke kana yaro?" Na ce ƙwarai, a idon hagu.

Ashe rashin ganin zurfi ne ya sa shekara da shekaru ina tsiyaya shayi gefen kofi, uwargida na cewa garaje ne.