Makonni shida ban taka ƙasa ba

Ciwon ya samo asali ne daga hatsarin babur da na yi a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi shekaru da dama da suka wuce. An yi mini ɗori a gida, ƙashin ya kama amma bai zauna daidai ba, sai guringuntsin idon sawuna ya riƙa cinyewa har ƙashi ya koma gogar ƙashi. Likita ya bayyana mini cewa amosanin idon sawu galibi daga tsohon rauni yake tasowa. Ya ba ni zaɓi biyu: ko a haɗe gaɓar ta daina motsi, ko a yanke inda ya lalace a sa ƙarfe a bakin ƙashin ƙwauri da kan ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da roba mai ƙarfi a tsakani. Na zaɓi na biyu.

Makonni biyun farko bayan tiyatar a kwance na yi su, ƙafar tana kan matashin kai ta ɗara ƙirjina tsayi domin kumburi ya sauka, ina kuma shan maganin hana gudajin jini. Bayan an cire zare aka sa mini takalmin asibiti, aka gargaɗe ni kada in ɗora wa ƙafar nauyi sai an cika makonni 6.

Wannan gargaɗin ne ya fi yi mini wuya, domin zafin ya ragu ƙwarai, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Malam, daure ka taka, zama ne ke sandarar da ƙafa." Da kyakkyawar niyya suke faɗa, na sani, amma ba su san cewa ƙashi na bukatar lokaci kafin ya kama ƙarfen ba, fatar wurin kuma siririya ce, ba ta saurin warkewa, musamman ga mai ciwon sukari ko mai shan taba. Na riƙe sandunana, na ba su haƙuri.

Daga nan aka shiga gashin ƙashi, ana koya wa ƙafar lanƙwasa sama da ƙasa, aikin da ke sa ni zufa fiye da noma. Yanzu ina cikin wata na 5. Ƙafar tana kumbura da yamma, an kuma ce hakan kan iya kai shekara guda. Zaman tahiya bai yiwu ba tukuna, a kan kujera nake salla, amma ranar Juma'ar da ta wuce da ƙafata na je masallacin unguwarmu na dawo, babu sanda.